Yarona ya canja tun da na haifi ƙanwarsa, in kai shi wajen kakarsa?

Tambaya: Ina da yaro ɗan shekara 2 da wata 2, shi ne na fari, yau kuma kwana 20 da na haifi ƙanwarsa. Tun bayan suna ya zama wani daban. Kuka ba dalili, birgima a ƙasa, ya daina neman fo sai dai ya saki fitsari a wando, abinci kuwa sai an yi dambe. In na sa jaririya a nono sai ya zo yana jan rigata wai shi ma zai sha, shekaranjiya har ya mintsine ta a kunci. Babansa ya zane shi, abin sai ya ƙaru. Surukata ta ce a kai mata shi ya zauna sai jaririya ta yi ƙwari. Gwaggona da ke yi mini wankan jego za ta tafi in an yi arba'in. Wani lokaci sai in zauna in yi ta kuka. Me ya kamata in yi?

Amsa: Barka da sauka lafiya, ƙanwata. Allah ya raya miki su, ya ba ki lafiyar shayarwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, na daɗe tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin kwantar da yara, ni ma kuma na yi renon biyu a jere, don haka na san kukan nan da kike yi a ɓoye. Duk abin da kika lissafa game da yaron nan babu wanda ya tayar mini da hankali. Haka tsaransa suke yi in an yi musu ƙani, kuma yawanci abin yana lafawa cikin 'yan makonni ko watanni. Shawarata kada a kai shi ko'ina yanzu. A irin wannan lokaci idon kowa na kan jariri, babban ne yake zamewa ba a lura ba, shi ya sa mafi yawan amsata a kansa za ta tsaya.

Ki duba abin ta wajensa. Watannin baya kaɗan nono nasa ne, bayanki nasa ne, gefenki a gado nasa ne. Aka yaye shi, ciki ya tsufa aka sauke shi daga baya. Rannan ya wayi gari ba kya gida, kika dawo da wata a hannu, gida ya cika da 'yan barka, kowacce ta shigo sai ta tsallake shi ta nufi gado. Wadda ma ta kula shi da tsokana ta zo: "An ƙwace maka Mama," "yanzu ba a yi da kai." Mu wasa muke yi, shi kuwa ɗan shekara biyu abin da aka faɗa shi yake ɗauka. Bakinsa bai kai ya ce miki yana tsoron kin daina sonsa ba, sai ya faɗa da birgima da fitsari da ƙin abinci. Ki roƙi Gwaggo ta riƙa taka wa masu wannan wasa birki, bakinta ya fi naki kaiwa.

A ƙarshen shekarun 1970 wasu masu bincike biyu, Judy Dunn da Carol Kendrick, sun bibiyi iyalai 40 a Kambirij ta Ingila, suna shiga gidajen tun kafin a haifi na biyu har bayan haihuwa. Sun tarar mafi yawan 'ya'yan fari sun ƙara rigima, kuma rigimar ta fi tashi daidai lokacin da uwa take shayar da jariri ko take masa hidima. Sun kuma lura cewa inda uwa take hira da babban game da jaririn, tana tambayarsa me yake ganin ya sa shi kuka, tana sa hannunsa cikin hidimar, yaran sun fi shaƙuwa daga baya. Abin da nake gani a gidajenmu ke nan. Sabon jariri yana kama nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana. In duk shayarwa ce masa ake yi "matsa can," kin ga sau goma ake korarsa kullum.

To ki juya lokacin shayarwar ya zama nasa shi ma. Kafin ki zauna ki tanadi kofin kununsa ko ayaba, da wani abin wasa da ba ya fitowa sai a wannan lokaci. Ki zauna a ƙasa kan tabarma ko katifa ki jingina da bango, jaririya a hannu ɗaya, shi ya raɓa ta ɗaya gefen, kina shafa kansa kina masa hira. Ki riƙa aikensa: "Yaya, miƙo mini famfas," "Yaya, ina zanin goyo?" In ya kawo ki sa masa albarka da ƙarfi kowa ya ji. Akwai wata dabara da nake koya wa masu jego: in kina ba shi abinci jaririya ta fara ƙananan koke-koke, ki ɗaga murya ki ce mata, "Yi haƙuri, ina ba Yaya abinci, in na gama zan ɗauke ki." Ita ba ta san me kika ce ba, amma shi ya ji cewa ita ma ana sa ta jira dominsa. Sai dai sunan Yaya kada ya zama sandar dukansa, irin "kai babba da kai, ba ka jin kunya?" Shi ma har yanzu ƙaramin yaro ne.

Batun nono kada ya dame ki. Ba zai cutar da shi ba, ba kuma zai ɓata nonon ba. Ki tatsa kaɗan a cokali ki ba shi, yawancinsu da sun ɗanɗana sun ga ba a hana su ba sai su manta. Fitsari kuma ki share ba faɗa ba gori, in ya yi yawa ki mayar masa da famfas na ɗan lokaci, in hankalinsa ya kwanta shi da kansa zai koma fo. Amma in yana kuka lokacin fitsari, ko da zazzaɓi, ko yana shan ruwa da yawa yana fitsari da yawa yana ramewa, wannan na asibiti ne.

Mintsini kuwa doka ɗaya ce: kada a bar su su biyu a ɗaki, ko da zagawa za ki yi. An taɓa kawo mana jaririya 'yar wata ɗaya numfashinta na sarƙewa. Yayanta ne yana cin gyaɗa ya ga bai kamata ya hana ƙanwarsa ba, ya tura mata a baki. Allah ya taimaka aka ciro, amma har yau ina tuna uwar tana tsaye ba ɗankwali, tana cewa ruwa kawai ta je ɗebowa. Yaron nan ba mugunta ya yi ba, kyauta ya yi. Wani zai ce zai ɗauke ta, wani ya rufe ta da filo wai kada ta ji sanyi. In kin ga ya kai hannu, ki riƙe hannun, ki durƙusa daidai fuskarsa ki ce, "A'a, mintsini da zafi, ba a yi." Sannan ki kama hannun ki nuna masa yadda ake shafa ƙafarta a hankali. Za ki maimaita har ki gaji, a haka yake shiga.

Maigidanki ki same shi lokacin da yake cikin nishaɗi. Na san zai ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tarbiyya yake nufi. Ki nuna masa abin da ya gani da idonsa, cewa bayan dukan abin ƙaruwa ya yi. Abin da yaron ya koya shi ne saboda wannan baƙuwar ake dukansa, haushinta kuma ya ninku.

Yanzu maganar Hajiya, surukarki. Taimako take nufi, kuma riƙon kaka abu ne da ya raya da yawa daga cikinmu, ban raina shi ba. Lokacin ne bai dace ba. Yaron da aka kawo wata, aka doke shi a kanta, sannan aka tattara kayansa aka kai shi wani gari, abin da zai fahimta a fili yake. Ranar da ya dawo kuma daga farko za a soma, ga shi lokacin jaririya ta fara rarrafe tana kai hannu kan kayansa. In gidan Hajiya kusa ne, ya je ya wuni ya dawo ya kwana a gida. In nesa ne, a roƙe ta ta zo ta kwana biyu, ko ta turo wata babbar yarinya mai hankali. Wannan magana ba daga bakinki za ta fito ba, ɗanta ne zai je ya ce, "Hajiya, a bar shi ya ɗan saba da ƙanwar tasa, in an kwana biyu ni zan kawo miki shi da kaina." Inda kawai nake goyon bayan a kai shi shi ne in ke ba ki da lafiya, ko tiyata aka yi miki kuma babu mai kama miki. A nan kakar da ya saba da ita ta fi masa uwar da ta kasa tashi. Ko a hakan a haɗa shi da kofinsa da mayafinsa da katin asibitinsa, a riƙa kai masa ziyara.

Tunda ɗan fari ne, bari in taɓo kunya. Da yawanmu mun tashi ba a faɗar sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa gaban surukai. Ki yi kararki a tsakar gida in haka gidanku yake, amma in kin shiga ɗaki ki rungume ɗanki ki sumbace shi. Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, shi kuma ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tambayarki shi ne ƙin cin abinci. Ciwon tamowa mai kumburi, wanda likitoci ke kira kwashiyoko, sunansa daga harshen Ga na mutanen Akra ya fito, kuma ma'anarsa ciwon da babba ke kamuwa da shi idan an haifi na bayansa. Wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, da ta yi aiki a Gana lokacin ana ce mata Gwalkwas, ita ta shigar da sunan cikin rubutun likitanci a 1935. Iyayen can sun riga likitoci gane wanda abin yake kamawa. A ɗakin yaranmu ma haka ne: uwa za ta shigo da jariri ɓul-ɓul a baya, a hannu kuma ga yayansa ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, ba ya wasa ba ya dariya. Sai a ce ai nonon ciki ya sha. Nonon mai ciki ba ya sa wannan ciwo. An cire shi daga nono ne aka bar shi da koko tsararo da gayan tuwo, a kwano ɗaya da manyan yara masu saurin hannu.

Don haka ki ware masa kwanonsa shi kaɗai, ki san abin da ya shiga cikinsa. Abinci sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Kunu ya yi kauri, a sa gyaɗa ko garin waken suya ko madara. Ƙwai, wake, alale, kifi da aka cire wa ƙaya, kindirmo, zogale a miya, ɗan manja a fate. Naman jego da ake dafa miki a cire masa nasa kafin a zuba yaji. Ki rage shayi da biskit da lemon kwalba, suna cika ciki su kashe sha'awar abinci. Kada a danne shi a yi masa ɗura, abinci na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Ki zuba kaɗan, ki zauna kusa da shi, in ya ƙi a ɗauke ba tare da faɗa ba, a sake kawowa an jima. In kina shakka, ki danna babban yatsanki a bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa 3, in kin ɗaga gurbin ya zauna ki kai shi asibiti a ranar. Ki kuma sa a auna damtsensa da tef ɗin awo mai launi da ake amfani da shi a asibiti: ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, rawaya kuma daga 11.5 zuwa 12.5 gargaɗi ne.

Ranar da za ki kai jaririya rigakafin mako 6, wanda za a maimaita a mako 10 da 14, ki ɗauki katin Yaya ki tafi da shi. Allurar ƙyanda ta biyu da ake yi a wata 15 ita ce ta fi kuɓuce wa iyaye, musamman in ta faɗo lokacin laulayi, kuma ana iya yi masa ko da lokacin ya wuce. A duba bitamin A da ake ba su duk wata 6 da maganin tsutsar ciki. In damina ce, masu bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kada su wuce shi, a kuma tabbata ya shanye maganin na kwana uku cif. Wani abu da ake mantawa: in an sauke shi daga gadonki, an fitar da shi daga gidan sauro ke nan. A ɗaura masa nasa a daren farko.

Gidan maijego kuma gida ne mai tafasasshen ruwa safe da yamma. Na wanke ƙunar yara da yawa da suka faɗa ruwan wankan jego da aka sauke aka juya baya a ɗauko ganyen darbejiya. Lokacin da ake sauke tukunya a tabbata yana hannun wani. In tsautsayi ya faru a yi ta kwarara ruwa mai sanyi na minti 20 a wuce asibiti, ba ƙwai, ba manja, ba man goge baki. Bokitin jiƙon tsumma a zubar ko a rufe, ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaron da ya kifa kai ciki. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ki kamar alawa yake ganinsu, su da kalanzir ɗin da ke gorar lemo a ɗaga su sama.

Sai ke kanki. Kuka da saurin ɓacin rai a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da mata da yawa ke yi, yakan wuce cikin mako 2. Ke yau kwana 20, don haka ki lura da kanki. In kusan kullum ne, ba abin da ke miki daɗi, barci ya ƙi zuwa ko da yaran sun yi barci, ko wani mugun tunani yana zuwar miki game da kanki ko su, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ba tare da jin nauyi ba. Ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana samun kusan mace 1 cikin 5 a ƙasashe masu tasowa, kuma ana warkewa. Ba raunin imani ba ne, ki yi addu'arki ki kuma nemi magani. A jiki kuma, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, jini mai yawa ko mai wari, zazzaɓi, kumburin ƙafa, haki, ko kasa kwanciya a miƙe sai an tara filo, duk ba sa jiran arba'in. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yawaita a yankinmu, suka kuma yi zargin yawan kunun kanwa da zafin wanka da na ɗaki suna ƙara wa zuciya nauyi. Ki sassauta zafin ruwan, kanwa kuma a rage ta sosai, in kina da hawan jini ki bar ta gaba ɗaya.

A zuwanki na mako 6 ki yi maganar tazara, ke da maigida. Shawarar likitoci a samu aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, wanda ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara. Shayarwa tana hana ciki ne kawai in jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi.

Bayan tafiyar Gwaggo gida ba zai yi tsaf ba, ki yafe wa kanki wannan tun yanzu. Girki sau ɗaya mai yawa, wanki abin da ya zama dole, in barcin ranarsu ya haɗu ki kwanta ke ma ki bar wanke-wanke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka a yanka wa maigida nasa aikin a fili: wankan Yaya da safe kafin ya fita, da zagayawa da shi bakin layi in ya dawo. Yara da yawa a wannan lokaci suke manne wa ubansu, kuma alheri ne ga kowa.

Kwana 20 ɗin da suka rage kafin arba'in kuma ki sauya yadda ake raba aiki. An saba mai taya jego ta janye babban, uwa ta zauna da jariri. Ki riƙa yin akasin haka ko sau ɗaya a rana. Bayan magariba, in jaririya ta ƙoshi, ki miƙa wa Gwaggo ita ta fita da ita tsakar gida, ke kuma ki ja ƙofa, ki ajiye waya. In lafiya kika haihu kuma jikinki ya yarda, ki goya shi da zanin da kika saba goya shi da shi, ki ɗan zaga ɗaki. In tiyata ce ya zauna a gefenki ya ɗora kai a cinyarki. Kwata ɗin awa ya isa, ki yi masa "ga ta nan, ga ta nanku," ko ki bar shi ya yi ta zuba miki gwarancinsa. Ki riƙe wannan lokaci kullum, har ranar da ya yi rigima, in Gwaggo ta tafi kuma babansa ya karɓi riƙon jaririyar.